Farfaɗiya da Na'urar da ke Sauraren Ƙwaƙwalwa

A Banyo, kamar sauran garuruwanmu, idan yaro ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita bakinsa, sai a ce iska ce. Wasu har su ja da baya, wai kada yawunsa ya taɓa su. Jama'a, farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu.

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da wata 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna wannan wuta a kan ɗan Adam. Na'urar ita ake kira EEG. Akan manna ƙananan wayoyi wajen 20 a fatar kai, su riƙa zana layuka. Ba ta sa wa mutum wuta, karɓa kawai take yi. Idan ciwon ya motsa, sai layukan su yi tsini. Amma fa sakamako kan fito lafiya lau alhali ciwon yana nan, shi ya sa likita ke neman wanda ya ga faɗuwar da idonsa.

Ita kuwa sikana, wadda aka fara gwadawa a Landan a 1971, hoton ƙwaƙwalwar take nunawa: ko ƙari ne, ko tabon rauni.

Abin ya shafe mu. Binciken da aka buga a 2002 ya nuna cewa a kwarin kogin Mbam, wajen Bafia, farfaɗiya ta fi yawa inda tsutsar makantar kogi ta yi katutu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai.

Wahalar ita ce nisa. Na'urorin nan a manyan asibitoci suke, irin na Yawunde, ga kuɗin mota, ga halin hanya da damina.