Caja ta mutu, aiki na jira: Yadda ake cajin laftop ba tare da an ƙona ta ba

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun matasa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tahoua na hannu ne. Sun yi aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kotono, Lome, Dubai ko Kano su iso kasuwanninmu. A wannan doguwar hanya kwamfuta kan rabu da cajar da kamfani ya yi mata, sai mai shago ya haɗa ta da wadda ya samu. Ko da ta iso da cajarta ta asali, ɗaukewar wuta da dawowarta, ƙura da zafin bazara sukan gama da cajar tun kwamfutar tana da sauran ƙarfi.

Ranar da caja ta mutu, aikin da ke cikin kwamfutar ba ya jira. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo yana da kundin kammala karatu da zai miƙa, mai haɗa bidiyon biki ya riga ya karɓi kuɗin amarya, ɗan kasuwa kuma lissafinsa duk yana ciki. Sai a ari ta maƙwabci, ko a shiga kasuwa a sayi duk wadda bakinta ya shiga. A nan asara take faruwa, don kuɗin gyaran babban allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira « carte mère », ya ninka kuɗin caja mai kyau sau da dama, wani lokacin ma gyaran ba ya yiwuwa.

Ana iya cajin laftop da cajar da ba tata ba, kuma ta zauna lafiya. Abin da ake buƙata shi ne a san lambobi uku da ke rubuce a bayan kowace caja, da irin bakin da kwamfutar ke karɓa.

A fara da tabbatar da abin da ya mutu

Cajar laftop kashi biyu ce: akwatin da ke sauya wuta, da igiyar da ke tafiya daga akwatin zuwa bango. Igiyar ana cire ta, kuma sau da yawa ita ce ke tsinkewa daga ciki saboda yawan naɗewa. Ana samun irinta da arha, mai rami biyu ko mai rami uku. Wani lokacin kuma caja lafiyarta lau, ramin cajin da ke jikin kwamfutar ne ya saki, ko batir ne ya gaji. Mai gyara da ke da mitar auna wuta zai raba gardama cikin minti ɗaya: ya ɗora mitar a bakin caja, ya ga ko wutar da aka rubuta tana fita. Gara a yi wannan gwajin kafin a kashe ko dala.

Lambobi uku na bayan caja

A bayan akwatin akwai layi biyu. Na farko, INPUT, yana faɗin wutar da cajar ke sha daga bango. Na biyu, OUTPUT, shi ne wutar da take bai wa kwamfuta, kuma shi ne abin dubawa. Lamba mai harafin V ita ce volt, mai harafin A amfiya. Idan aka ninka su biyu, sai a samu wat, mai harafin W.

Cajojin wat 65 da suka fi yawa a kasuwa haka suke: ta HP 19.5V da 3.33A, ta Dell 19.5V da 3.34A, ta Lenovo 20V da 3.25A, ta Acer, Asus ko Toshiba 19V da 3.42A. Wanda cajarsa ta ɓata ya juya kwamfutar, domin galibi an rubuta volt da amfiyar da take so a ƙarƙashinta, ko a gurbin batir.

Volt kamar ƙarfin turowar ruwa ne a famfo. Caja ce ke tura shi, kwamfuta ba ta da ikon ragewa sai kaɗan. Saboda haka dole volt ya zo daidai. Bambanci tsakanin 19 da 19.5 ko 20 yawancin kwamfutoci suna jure shi. Amma cajar 12V ba za ta yi caji ba, ta 24V kuwa tana iya ƙona allon nan take. Akwai kuma waɗanda suka fita daban, kamar wasu tsofaffin Toshiba masu 15V, waɗanda cajar 19V ta yi musu yawa.

Amfiya kuwa kamar girman tanki ce. Kwamfuta tana jan abin da take buƙata ne kawai. Cajar wat 90 ba za ta cutar da kwamfutar wat 65 ba, muddin volt ɗaya ne. Matsalar tana ɗaya ɓangaren: idan aka sa cajar wat 45 a kwamfutar da ke son 90, cajar za ta yi zafi, caji ya yi jinkiri ko ya tsaya, kwamfutar kuma ta rage gudu. Ƙa'idar a taƙaice: volt daidai, wat daidai ko sama.

Shigar baki ba ta isa hujja ba

Kusa da lambobin akwai ƙaramin zane mai alamar + da −, wanda ke nuna ɓangaren bakin da ke ɗauke da kowace wuta. A yawancin laftop, + yana ciki, − yana waje. Wasu cajojin na wasu na'urori suna da shi a juye, kuma juyayyar wuta tana kashe allo.

Girman baki ma ana auna shi da milimita. HP da Dell duka suna da babban baki mai 7.4 da 5.0, da ƙarami mai 4.5 da 3.0, wanda a HP yake da shuɗin kai. Lenovo tana da baki mai kusurwa huɗu mai ruwan ɗorawa a ciki. Acer tana yawan amfani da 5.5 da 1.7, Asus da Toshiba kuma 5.5 da 2.5. Bakin da ya shiga amma yana girgiza yakan yi tartsatsi, a hankali ya cinye ramin.

Bakin HP da na Dell suna da siririyar allura a tsakiya. Ba ita ke kai wutar caji ba. Ta nan caja ke gabatar da kanta. A Dell akwai ɗan guntun lantarki a cikin caja da ke shaida wa kwamfuta ƙarfinta. Idan kwamfutar ba ta ji wannan saƙon ba, za ta kunnu, amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun aikinta. Shi ya sa cajar HP kan shiga Dell daram, volt ɗaya, amma batir ya ƙi motsi. Mutane da yawa sun sayi sabon batir a kan wannan, alhali cajar ce ba ta dace ba, ko allurar ce ta karye.

USB-C ta sauƙaƙa lamarin

Ramin USB-C, irin na wayoyin salula na yanzu, ya fito a 2014, kuma Apple ta fara cajin MacBook da shi a 2015. A tsarin da ake kira Power Delivery, ko PD, caja da kwamfuta suna daidaitawa kafin wuta mai ƙarfi ta wuce. Caja tana farawa da 5V, ta jero abin da take iyawa, 9V, 15V ko 20V, kwamfuta ta zaɓa. Don haka cajar Lenovo mai USB-C tana cajin HP ko Dell mai karɓar caji ta USB-C ba tare da fargabar volt ba. Tsarin ya kai wat 100, sannan a 2021 aka ɗaga shi zuwa 240.

Akwai sharuɗɗa uku. Ba kowane ramin USB-C ke karɓar caji ba, wasu na tura bayanai ne kawai, sai a duba alamar filogi ko batir a gefensa, ko littafin kwamfutar. Na biyu, cajar salula ta wat 18 ko 25 galibi tana tsayawa a 9V ko 12V, laftop kuwa yawanci 20V take so, da wat 45 zuwa 65. Na uku, igiya: ta gama-gari tana ɗaukar amfiya 3, wato wat 60. Fiye da haka sai igiya mai amfiya 5, wadda aka rubuta 100W ko 240W a jikinta.

Masu tsofaffin kwamfutoci ma suna da hanya. Akwai igiya mai USB-C a kai ɗaya, zagayayyen baki a ɗaya kan, da ɗan guntun lantarki da ke neman 20V daga cajar PD. Ana zaɓar ta ne bisa irin kwamfutar, musamman Dell da HP saboda allurar tsakiya.

Nan gaba wannan ramin ne zai mamaye kasuwarmu. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta USB-C a kan sababbin wayoyi daga 28 ga Disamban 2024, ta kuma sanya 28 ga Afrilun 2026 ga laftop. Abin da Turai ta saya yau, shi ke sauka a shagunan kayan hannu bayan 'yan shekaru.

Idan wutar gari ce babu

Tun lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, gidaje da shaguna da yawa suka koma ga sola da batir. Waɗannan duka suna cajin laftop, amma ba kai tsaye ba.

Batirin sola ko na mota 12V ne, laftop kuma tana son 19 ko 20. Hanya mafi sani ita ce inbata, wadda ke mayar da 12V zuwa 220V, sai caja ta sake sauko da ita. Tana aiki, amma ana asarar wuta a hawa da sauka, kuma inbata mai arha kan sa caja ƙugi da zafi. Hanyar da ta fi tattali ita ce cajar mota ta laftop, wadda ke ɗaga 12V zuwa 19V ko 20V kai tsaye. A karanta kwalinta, don wasu cajojin mota masu USB-C ba sa iya ba da 20V daga batirin 12V. Direbobin manyan motoci su tuna nasu 24V ne. Kwamfutar wat 65 tana jan amfiya 5 zuwa 6 daga batirin mota, don haka a yi caji injin na aiki.

Fawa bank ma tana yi, idan an rubuta PD 45W ko 65W a jikinta. Mai 20,000 mAh tana ɗauke da kusan 74Wh, batirin laftop kuma yawanci 40 zuwa 60Wh ne. Bayan asarar da ake yi a hanya, cikawa ɗaya ce da ɗan ragi.

Abu biyu ne ba a yi. Ba a jona farantin sola kai tsaye da kwamfuta, don farantin da ake kira na 12V yana haura 20V idan babu abin da ke jan wuta, kuma ƙarfinsa yana hawa yana sauka da gajimare. Ba a kuma cire batirin laftop a ɗana masa wayoyi daga waje. Kowane ƙwayar lithium da ke ciki iyakarsa wajen 4.2V ne, idan aka zarce yana kumbura, yana iya kama wuta.

Caja mai baki goma da ta jabu

Cajar da ake kira « universel » tana zuwa da bakuna da yawa da maɓallin zaɓen volt daga 12 zuwa 24. Haɗarinta a maɓallin yake: yaro ya taɓa, ko ya goce a cikin jaka, sai 24V ta shiga inda ake son 19. Wanda ya sayi irinta ya saita volt kafin ya jona, ya sa a auna da mita, sannan ya liƙe maɓallin da salatif.

Ta jabu kuwa tana ɗauke da sunan babban kamfani, amma an rage kayan kariya a cikinta. Alamunta sanannu ne: zafin da hannu ba ya jurewa, ƙara siririya, ɗan jan wuta idan an taɓa jikin kwamfuta, da kibiyar allo da ke tsalle da kanta da zarar an jona caja. Nauyi yana taimakawa wajen ganewa amma ba a dogara da shi, don wasu masu jabun suna sa ƙarfe a ciki. Tsohuwar caja ta asali da aka gwada ta fi sabuwar jabu a kwali. A je shago da kwamfutar, a jona, a ga kashin batir yana hawa na 'yan mintoci kafin a biya.

Kowace iri ce, a cire ta daga bango idan wuta ta ɗauke, don dawowar wuta da tashin janareta ne suka fi kashe caja. Kada a yi caji a kan katifa ko cikin motar da ke rana. Batirin lithium ba ya son caji a zafin da ya wuce digiri 45, kuma a watannin Afrilu da Mayu iskar gari kanta tana kusantar hakan.

Ga 'yan uwa masu aiko da kaya

Wanda ke Amurka, Faransa, Aljeriya ko Saudiyya kuma yake shirin aiko wa ƙani ko ɗiya kwamfuta, ya haɗo da cajarta. Kusan duk cajojin laftop an rubuta musu INPUT 100–240V, don haka wadda aka saya a Amurka mai wutar 120V tana aiki da 220V ta Nijar, igiyar bango kawai za a sauya. Idan da zaɓi, a ɗauki kwamfutar da ke caji ta USB-C, a ƙara cajar PD ta wat 65 da igiya mai kyau, wadda za ta yi wa salula ma aiki. Fawa bank a jirgin sama a jakar hannu ake riƙe ta, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da izini ba 100Wh ce, kusan 27,000 mAh.

Mai karɓa kuma, ranar da kwamfutar ta iso ya ɗauki hoton bayan cajar da salularsa, lambobin su fito sarai, ya ajiye. Ranar da cajar ta ɓata ko ta ƙone, wannan hoton zai nuna wa mai shago.