YADDA ZA A MATSE MURYA BA TARE DA TA RAGU BA

Malamai da yawa sun tambaye mu a wane irin fayil ya kamata su ajiye muryoyin da suka ɗauka, watau tatsuniyoyi da tarihin gari daga bakin dattawa. Tambayar tana da nauyi, domin tsohon da ya ba da labari bana, ba lalle ne a same shi baɗi ba.

Murya irin ta faifan CD, in aka bar ta ɗanya cikin WAV, wanda kamfanonin Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, tana cin wajen megabait 10 kowane minti. Hirar sa'a guda ta kai 600 ke nan. Shi ya sa a ke matse ta. To, matsin iri biyu ne. MP3 yakan zubar da sautin da kunne bai cika ji ba, abin da ya zubar kuwa ya tafi har abada. Ɗaya irin shi ne matsi marar asara, wanda ya ke kamar naɗe tabarma: in an warware, ga ta nan yadda ta ke. Yakan rage nauyin fayil zuwa wajen rabi ko kashi biyu cikin uku.

Sanannu cikin wannan iri su ne FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, da ALAC na kamfanin Apple, na 2004. Kada malami ya ɓata lokaci yana gardamar wanne ya fi daɗin ji. Sautinsu ɗaya ne. Mu dai FLAC muka zaɓa, domin kyauta ne, kusan kowace na'ura tana karanta shi, har wayoyin Apple tun 2017. Sa'an nan yana ɗauke da hatimi, MD5 ke nan, wanda za a gwada bayan shekaru a gane ko fayil ya lalace a ajiye. Ga ma'ajiyar makaranta, wannan shi ne babban dalilinmu.

Juyawa daga FLAC zuwa ALAC, ko a komo, ko sau ɗari ne ba ya rage sauti, kuma manhajoji irin su ffmpeg da foobar2000 suna yi. Amma juya MP3 zuwa FLAC aikin banza ne, fayil ya ƙara nauyi, abin da ya zube bai dawo ba. Wanda ya ke son ba almajirai kwafi marar nauyi, sai ya fitar da MP3 daga FLAC, ya bar asalin a wurinsa.

Abin da ya fi salwanta wajen juyawa shi ne rubutun da ke manne da fayil: sunan mai magana, da garinsa, da ranar ɗauka. A duba shi bayan kowane juyi, tukuna a share tsohon fayil.