Tsohon Babur Mai Mutuwa A Hanya: A Ina Cutar Take?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon babur ya san wata irin cuta wadda ta fi kowace ban haushi. Babur ya tashi lafiya lau da safe, a yi ta tafiya, can sai ya ɗauke a tsakiyar titi. A tura shi gefe, a yi ta buga kik har gumi ya jiƙa riga, ya ƙi. A huta kaɗan a sake taɓawa, sai ya tashi kamar ba shi ba. In an kai shi wurin makaniki kuwa, ran nan ko tari ba zai yi ba.

Abin ba na wasa ba ne. Babur da ya mutu a gaban tirela a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko cikin cunkoson Agege, yana iya jawo asarar rai. Ga kuma asarar kuɗi, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu ƙaramin ƙarfi da yawa sun koma ga babur, kayan gyara kuma sun yi tsada. Sau da yawa mai babur yakan sayi fulogi yau, gobe batir, jibi kafireto, alhali cutar tana nan daram. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Cutar da ke zuwa tana tafiya, ba a kama ta sai a daidai lokacin da ta zo.

Abu na farko shi ne a lura da yadda babur ya mutu. In mai ne ya yanke, ba ya mutuwa farat ɗaya. Sai ya fara shaƙewa, ya yi fizge-fizge, ƙarfinsa ya riƙa raguwa, sa'an nan ya tsaya. In kuwa wuta ce, yawanci yakan ɗauke ne nan take, kamar an murɗa makulli. A kuma lura da lokacin: bayan inji ya yi zafi ne, ko cikin ruwan sama, ko an faɗa rami, ko an karya kwana?

Abu na biyu, kada a fita ba tare da sufanar fulogi da sukudireba da sabon fulogi guda ba. Da zarar ya mutu, a sauka daga titi, a kwance fulogi tun inji bai huce ba, amma da tsumma, don yana ƙuna. A mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da inda mai ke ɗiga, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, wuta lafiya take. In ja ne mai rauni, ko babu shi sam, to an san gefen da za a nufa. Bakin fulogin ma shaida ne. In ya fito a jiƙe da fetur, mai yana zuwa, wuta ce ba ta ƙone shi. In ya fito a bushe fari fat, mai ne ba ya isowa. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa, ko kuwa ƙurar hunturu ta toshe matatar iska.

To, mu fara da gefen mai. A murfin tanki akwai wata 'yar ƙaramar huda inda iska ke shiga yayin da mai ke sauka. In datti ya toshe ta, babur zai yi 'yar tafiya, mai ya daina gangarowa, ya mutu. A buɗe murfin nan take. In an ji iska ta shiga fuu, babur kuma ya tashi, an gama. Bayan wannan sai a zare tiyon mai daga kafireto a ga ko mai na zuba sosai, domin tsatsar tsohon tanki takan toshe rariyar famfo. A ƙasan kafireto kuma akwai sukurun tsiyaye mai. A kwance shi a tara man a kwalba mai haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in akwai shi za a gan shi kwance a ƙasa. Masu sayen mai a galan a bakin titi su suka fi gamuwa da wannan, ko da yake ba su kaɗai ba, don a farkon shekarar 2022 an shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan har ya kai gidajen mai a Legas da Abuja.

In mai ya kuɓuta, sai wuta, a nan kuwa wajibi ne mutum ya san irin baburinsa. Tsofaffin Honda da muke kira roba-roba, da CG125 na farko wanda aka fara ƙerawa a 1975, da Suzuki A100 da Yamaha YB100, da kontak da kwandansa suka zo, wutarsu kuma bolt 6 ce. Na bayansu, irin su Jincheng da Bajaj Boxer, suna da ɗan akwatin nan CDI, wutarsu bolt 12. Akasarin waɗannan ƙanana daga maganeton da ke gefen inji suke samun wutar fulogi, don haka sayen sabon batir ba zai hana su mutuwa ba. Amma Honda Benly CD175 daga batir yake sha, in batir ya yi sanyi ko kan wayarsa ya saki, shi ke nan.

Ga mai kontak, a duba bakinsa ko ya ƙone ko mai ya taɓa shi. A goge, a daidaita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4. In ana ganin tartsatsi mai yawa a bakin kontak, kwandansa ya gaji. Bakin fulogi kuma milimita 0.6 zuwa 0.7 ne ga yawancinsu.

Babur mai mutuwa in ya yi zafi, ya tashi in ya huce, ba tartsatsi kuma a tsakani, a tuhumi koyil. Cikinsa siririyar wayar tagulla ce aka naɗe. In ta tsinke, bakunan biyu sukan haɗu da sanyi, zafi ya raba su. Shi ya sa in an auna shi da mita da safe sai ya nuna lafiya. Haka CDI ma yakan yi. Amma in tartsatsi na nan, mai na nan, sai dai kik ya yi sakwaf, a sa makaniki ya duba bawul, don in ya matse da yawa iska takan zurare in inji ya yi zafi. Tazararsa da sanyi milimita 0.05 ce ga roba-roba, 0.08 ga CG125.

Wanda kuma ke mutuwa a kwana ko a rami, waya ce. Wayoyin da suka bi ta wuyan babur suna lanƙwasa duk lokacin da aka juya kai, da shekaru sai su karye a ciki, roba kuwa na nan lafiya a waje. A kafe babur, a tayar da shi, a juya kai hagu da dama, a riƙa motsa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, har da makulli a mazauninsa. Inda aka taɓa inji ya yi tari, nan ɓarawon yake. A Honda, baƙar waya mai farin layi ita ce ke kashe inji in ta taɓa ƙarfe, koriya kuwa ita ce ta at. A Suzuki baƙa mai farin layi ita ce ta at. A kiyaye wannan bambanci, kada a yi gyaran gangar auzinawa. 'Yan'uwanmu mazauna kudu, inda damina ke da tsawo, su riƙa kwance mahaɗan wayoyi suna kankare tsatsa, su kuma canza hular fulogi in ta tsage.

Fitila mai dushewa ko kwan da ke yawan ƙonewa, aikin caji ne. Batir mai bolt 12 in ya cika yakan nuna kamar 12.6, in an ba inji wuta ya kai 13.5 zuwa 14.5. In ya gaza haka ko ya zarce 15, a duba abin da ke daidaita caji. Fiyus in ya ƙone, akwai dalili. Masu naɗa masa waya ko takardar sigari, gobara suke gayyata a ƙarƙashin tankin fetur.

A ƙarshe, a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma ajiye tsohon har a tabbata. Sabon kaya na jabu yakan zo da tasa cutar, araha kuwa ba ta ado. In za a je wurin makaniki, a gaya masa yadda babur ya mutu da abin da fulogi ya nuna, in ya yiwu a hau tare da shi har cutar ta taso a gabansa. Allah Ya kiyaye hanya.