Aure, Daudu da Doka: Yadda Muhawarar Auren Jinsi Ɗaya Ta Iso Arewacin Zamfara

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a warware waɗansu kalmomi uku da suka cuɗe a bakin jama'a tun da muhawarar halatta auren jinsi ɗaya ta shigo ƙasar Hausa ta kafar rediyo da jaridu, watau auren jinsi, da luwaɗi ko maɗigo, da kuma daudu. An ɗauki Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a matsayin wurin dubawa domin Jihar Zamfara ce ta fara kafa dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci a wannan jamhuriya, saboda haka a nan ne aka fi ganin inda harshe da al'ada da doka suka haɗu, da inda suka rabu.

Mu fara da ita kalmar. "Jinsi" aro ce daga Larabci, ma'anarta iri ko nau'i, kuma masana nahawu sun daɗe suna amfani da ita wajen rarrabe suna namiji da tamace. Da masu fassara labarai suka buƙaci suna ga wannan sabon abu, sai suka ce "auren jinsi ɗaya". Yau da gobe "ɗaya" ta faɗi, aka bar "auren jinsi" kurum, wanda in an bi shi a zahiri bai faɗi kome ba, tun da babu auren da ba na jinsi ba ne. Amma kowa ya gane, kuma wannan ya isa shaida cewa ƙirƙirarren suna ne da aka yi wa baƙo.

Ita kuwa "aure" tsohuwar 'yar gida ce, ga ta da 'ya'ya da yawa: auren zumunta, auren sadaka, auren dole, auren kisan wuta, auren ɗauki-sandanka, da sauransu. Waɗansu daga cikinsu malamai sun yarda da su, waɗansu sun ƙi, amma dukansu ango da amarya ne a ciki. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Zurmi da Shinkafi daga Risala zuwa Muhtasar, aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu da siga, da kuma mahalli, watau namiji da macen da babu hani a tsakaninsu. Ke nan ga malamin zaure, tambayar ko a halatta ko kada a halatta ba ta ma taso ba, domin a ganinsa abin da ake magana a kai bai shiga cikin ma'anar kalmar ba tun farko.

A ƙasashen da muhawarar ta samo asali, aure ya riga ya zama yarjejeniyar da hukuma ke rubutawa, wadda gado da haraji da izinin zama da ikon yanke shawara a asibiti suka rataya a kanta. Masu neman halattawa suka kafa hujja da cewa in hukuma ta ba waɗansu 'yan ƙasa waɗannan haƙƙoƙi ta hana waɗansu, to, ta nuna bambanci a gaban doka. Masu hani suka ce aure ya girmi hukuma, kuma an gina shi ne a kan haihuwa da nasaba da umurnin addini. Holan ce ta fara halattawa a 2001. Afirka ta Kudu ta bi a 2006, bayan hukuncin Kotun Tsarin Mulkinta na 2005, sa'an nan Kotun Ƙolin Amurka ta yanke nata a 2015.

A Nijeriya kuwa al'amarin ya zo ne ta baibai. Babu wani ƙuduri na halattawa da majalisa ta tattauna. Ƙudurin hani ne gwamnatin Obasanjo ta gabatar a 2006, ya kwanta. Aka sake tayar da batun, Majalisar Dattawa ta amince a watan Nuwamba na 2011, 'yan makonni bayan Firayim Ministan Ingila David Cameron ya yi barazanar rage taimako ga ƙasashen da ke hukunta masu wannan ɗabi'a. Barazanar ba ta yi kome ba sai ƙara wa wutar itace, domin ta mayar da magana ta zama ta 'yancin ƙasa. Majalisar Wakilai ta amince a watan Mayu na 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a watan Janairu na 2014. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya yi shaida ko ya taimaka, da wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyarsu, da wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a.

Ga mutumin Ƙaura Namoda wannan doka ba ta zo da sabon hani ba, don tun watan Janairu na 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, dokar Shari'a ta jihar ta tanadi bulala 100 da ɗaurin shekara guda ga wanda ya yi luwaɗi bai taɓa aure ba, da jifa ga wanda ya taɓa, da bulala har 50 da ɗaurin da bai wuce wata shida ba a kan maɗigo. Abin lura ga ɗalibin fiƙihu shi ne, masu tsara dokar sun auna luwaɗi da ma'aunin zina, alhali kuwa sanannen ra'ayin Malikiyya bai rarrabe mai aure da marar aure a nan ba, Hanafiyya kuma ta bar shi ga ta'aziri. Kafin wannan ma akwai dokar Final Kot ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960, inda sashe na 284 ya tanadi shekara 14. Ita wannan doka an ɗebo ta ne daga ta Sudan, ta Sudan kuma daga ta Indiya ta 1860, wadda Turawan Ingila suka rubuta. Masu cewa ɗabi'ar ce Turawa suka kawo, da masu cewa hukuncin ne Turawa suka kawo, kowanne ya riƙe rabin tarihi ne ya saki rabi.

A cikin Final Kot ɗin akwai wani sashe da ya fi shafar al'adarmu kai tsaye, na 405, wanda ya lissafa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin masu zaman banza. A nan ne doka ta taɓa ɗan daudu.

Daudu ba aure ba ne, ba kuma lalle ne ya zama luwaɗi ba. Ɗan daudu namiji ne da ya ɗauki salon mata a magana da tafiya da rangwaɗa, ya kuma kama sana'ar da aka san mata da ita, musamman dafa abincin sayarwa a tasha da kasuwa, da hidimar biki, da kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Masu nazarin bori sun danganta sunan da Ɗan Galadima, aljanin nan ɗan sarauta mai son ado da kyauta, wanda Daudu ke cikin sunayen da ake yi masa kirari da su. Renée Pittin ta yi bayaninsu a bincikenta na Katsina, Rudolf Gaudio kuma ya yi littafi sukutum a kansu a 2009, bayan zaman da ya yi a Kano. Abin da ya fito fili a aikin Gaudio shi ne, da yawa daga cikinsu suna da mata da 'ya'ya, ko suna da burin yi, suna salla suna azumi, kuma ba su ɗauki kansu a matsayin wata al'umma ta dabam mai neman a ɗaura mata aure ba. Waɗansu suna neman maza, waɗansu ba sa nema, akwai kuma masu neman maza da ba su da alamar daudu ko kaɗan.

Irin wannan sana'a garin baƙi take so. Ƙaura Namoda, wadda ta samo suna daga Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi, ta zama ƙarshen layin dogo daga Zariya a 1929, gyaɗa da auduga suka jawo mata 'yan ƙwadago da fatake. Shinkafi kuma kasuwarta ta daɗe tana tara mutane daga Gobir da Katsina da ƙetaren iyakar Nijar. Inda duk matafiyi ya sauka ba iyalinsa, dole a sami mai tuwo, kuma tun da kulle ya hana matan aure fitowa, wani ne zai tsaya a gindin murhu. Jama'a suna cin abincin ɗan daudu, suna dariyar habaicinsa, suna kuma ƙyamar ɗansu ya zama shi. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kansa, amma zaman ya ci gaba a haka har zuwa lokacin da aka rufe gidajen mata da mashaya bayan 2000, inda da yawa suka watse ko suka ɓoye salonsu.

Da sabon suna ya shigo, sai ya haɗiye tsofaffin. A watan Agusta na 2007 aka kama mutum 18 a wani otal a Bauchi, labari ya bazu cewa ɗaurin aure ne, amma da aka je kotu tuhumar ta koma ta shigar mata da zaman banza. A 2017 aka kama 53 a Zariya, a 2022 Hisbar Kano ta kama 19, duk da sunan bikin aure. A Legas, shari'ar mutum 47 da aka gurfanar a ƙarƙashin dokar 2014 kotu ta kore ta a watan Oktoba na 2020, saboda masu gabatar da ƙara sun kasa bin ta. A ganina wannan ne wurin da ya kamata masana su tsaya, domin an shiga kiran walima da ajo da taron suna "aure", an kuma shiga kiran rangwaɗa "luwaɗi", alhali kowanne hukuncinsa dabam, hujjarsa dabam.

Batun daidaiton haƙƙi kuwa fuska biyu gare shi, kuma rashin rarrabe su ne ya sa muhawarar ba ta motsi. Ta farko ita ce haƙƙin ɗaura aure, wadda a Zamfara babu wani ɓangare na jama'a da ke nemanta a fili. Mutanen Zurmi da Shinkafi, da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru, in ana maganar aure tunaninsu yana kan zawarawa da marayu da tsadar lefe. Ta biyu ita ce haƙƙin da kowane ɗan ƙasa ke da shi ko da ana zarginsa. Masu sukar dokar 2014 suna kafa hujja da Tsarin Mulkin 1999, sashe na 37 kan sirrin mutum, da na 40 kan 'yancin taro, da na 42 kan hana wariya. Masu kare ta suna amsawa da cewa sashe na 45 ya ba hukuma ikon taƙaita waɗansu haƙƙoƙi domin kare tarbiyyar jama'a, kuma na 42 bai ambaci wannan ɗabi'a ba. Ƙarar da aka shigar a Abuja a 2014 don soke dokar an kore ta ne a kan cewa mai ƙarar ba shi da hurumi, ba a kai ga gundarin maganar ba. A wannan shekarar dai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 275, wanda bai ce uffan a kan aure ba, ya dai nemi a hana duka da kisa da kamun zalunci.

Abin mamaki shi ne, wannan fuska ta biyu tana da gindi a fiƙihun da alƙalan Ƙaura suka karanta. Haddi ba ya tabbata sai da iƙirarin da mai shi bai janye ba, ko shaidu huɗu adilai da suka gani da idonsu, leƙen asirin gida kuwa haramun ne. Dokar Zamfara ɗin da ta tanadi jifa, ita ce kuma ta tanadi bulala 80 ga wanda ya jefi kamilin mutum da zina ko luwaɗi bai kawo hujja ba. Ke nan wanda ya nuna mai tuwon tasha a kasuwa ya kira shi ɗan luwaɗi don ya ga yana karya murya, shi ne doka ta fara tambaya ina shaidunsa.