Sitiyarin Katako da Matsalar Asali a Gyaran Tsofaffin Motocin Gudu

A tsakanin masu tara tsofaffin motocin gudu na Turai da Amurka, wato ƙananan motoci masu kujeru biyu waɗanda aka ƙera domin sauri a shekarun 1950 da 1960, akwai sana'a mai zaman kanta ta mayar da mota kamanninta na ranar da ta bar masana'anta, kuma darajar irin wannan mota a wurin gwanjo ta rataya ne a kan yawan kayanta na asali da suka saura a jikinta. Masu saye sukan duba lambar inji da ta giya da ta shasi, su gwada su da abin da ke rubuce a kundin kamfanin da ya ƙera motar, amma idan aka zo kan sitiyarin katako sai lamarin ya rikice, domin yawancinsa ba ya ɗauke da wata lamba da ta ɗaure shi da mota ɗaya tak, kwance shi kuma aikin 'yan mintoci ne ga bakanike. Saboda haka da wuya a sami sashen mota da aka fi sauyawa kamarsa a cikin shekaru sittin, alhali shi ne abin da hannun direba ke riƙe da shi tun daga tayar da mota har kashe ta.

Kafin a fahimci gardamar da ake yi a kansa, ya kamata a san yadda ake haɗa shi. Ƙashin sitiyarin faranti ne na goran ruwa, wanda ake yankewa ya fitar da zobe da hannuwa uku da suka haɗu a cibiya, sa'an nan a lulluɓe zoben da katako ta gaba da ta baya. Wasu maƙera sukan fere katakon siriri-siriri, su lanƙwasa shi su manne da gam ɗaya bisa ɗaya har ya yi kauri, wasu kuma sukan yanko guntaye masu baka su jera su har su kewaye zoben, a wasu lokuta a ƙara da ƙananan ƙusoshi da suka ratsa katako da ƙarfe suka riƙe su tare. Daga nan sai a sassaƙa gurbin yatsu a baya, a goge, a shafa banish. Faɗinsa yakan kai wajen santimita 40, kuma dalilin wannan girma shi ne yawancin motocin gudu na wancan zamani ba su da na'urar da ke taimaka wa direba juya tayoyi, don haka faɗin zoben ne ke rage masa wahala.

Sunan da ya fi kowane tashe a wannan fage shi ne na Enrico Nardi, injiniya kuma direban tsere ɗan Italiya wanda aka haifa a Bologna a 1907 ya rasu a 1966, wanda ya yi aiki da kamfanonin Lancia da Ferrari kafin ya kafa nasa wurin a birnin Turin. A 1951 ne ya fara ƙera sitiyarin katako, ya kuma yi suna da amfani da mahogani na Afirka, itacen da ke cikin dangi ɗaya da maɗacin da aka sani a ƙasar Hausa, ko da yake nau'in da aka fi kaiwa Turai na kurmin bakin teku ne. Motocin Ferrari na jerin 250 sun fito da sitiyarinsa, mai baƙin zare da ya kewaye fuskar katakon da kuma sa hannun Nardi da aka zana a jikin ƙarfen. Kamfanin yana nan har yau yana ƙera irin wannan sitiyari, kuma a nan ne matsala ta farko take: sitiyarin Nardi da aka yi bara na Nardi ne na gaskiya, ba jabu ba ne, amma ba shi ne na asalin motar da aka ƙera a 1960 ba.

Motar Jaguar E-Type ta Ingila, wadda aka fara nunawa a Geneva a watan Maris na 1961, ta nuna yadda ƙananan bambance-bambance ke da nauyi a idon masana. Sitiyarinta mai inci 16 ne, da hannuwa uku masu huji-huji, amma a motocin farko-farko ana ganin zoben goran ruwa a fili ta cikin kewayen katakon, daga baya kuma aka rufe shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 an dusashe ƙyallin hannuwan domin kada su haske idon direba, sa'an nan a 1971, lokacin da samfurin mai silinda 12 ya fito da na'urar sauƙaƙa juyi, aka bar katako gaba ɗaya aka koma ƙaramin sitiyari mai inci 15 da aka naɗe da fata. Wanda ya ɗora sitiyarin 1967 a kan motar 1961 ya yi amfani da kayan Jaguar na gaske, amma alƙalan gasar tsofaffin motoci za su rage masa maki, kuma suna da hujja.

Daga nan ake iya gane cewa asali hawa-hawa ne. Mafi daraja shi ne ainihin sitiyarin da motar ta fito da shi, wanda bai taɓa rabuwa da ita ba. Ƙasa da shi akwai wanda aka ciro daga wata motar iri ɗaya ta shekara ɗaya. Can ƙasa kuma akwai sabuwar ƙira da aka kwaikwayi tsohon. Akwai kuma wani rukuni da ya fi jawo muhawara, wato sitiyarin da mai motar na farko ya saya ya ɗaura da kansa tun tana sabuwa. A Ingila irin su Les Leston, tsohon direban tsere mai shagon kayan mota a Landan, da Victor Derrington, da kamfanin Moto-Lita, sun sayar da sitiyarin katako masu yawa ga masu motocin MG da Triumph da Austin-Healey waɗanda ba su gamsu da baƙin sitiyarin roba na masana'anta ba. Irin wannan bai fito daga masana'anta ba, amma ya shekara sittin a motar, yana cikin hotunanta da rasiɗanta, kuma cire shi domin a maye gurbinsa da sabon kwaikwayon na masana'anta daidai yake da goge wani ɓangare na tarihin motar da sunan gyara shi.

Misalin da ya fi fito da abin fili yana Amurka. Chevrolet Corvette ta tsakiyar shekarun 1960 ta fito ne da sitiyarin roba da aka yi wa zane da launi ya yi kama da katako, sitiyarin katako na gaske kuwa, wanda aka yi da itacen tik, zaɓi ne na ƙarin kuɗi da aka bayar a 1965 da 1966 kawai. Haka nan sitiyarin Ford Mustang na alfarma na 1965, wanda mutane da yawa ke ɗauka katako ne, roba ce. A irin waɗannan motoci robar ce ta asali, katako mai kyau da aka ɗaura daga baya shi ne baƙo, kuma da yake sitiyarin tik na ƙara wa Corvette kuɗi, masu saye kan nemi takardun odar motar su ga ko da gaske an biya kuɗinsa tun farko.

Masu tantancewa ba su dogara da alama ɗaya ba. Sukan duba yawan sassan katakon da inda suka haɗu, da irin ƙusoshin da tazarar da ke tsakaninsu, da siffar gurbin yatsu, da kaurin zoben, domin sitiyarin zamanin da sirara ne idan aka gwada su da na yanzu waɗanda aka ƙara wa kauri don daɗin riƙo. Sukan kuma juya shi su duba baya, inda maƙera ke buga tambari, su lura ko rubutun da ke jikin ƙarfen na hannu ne mai ɗan rashin daidaito ko kuwa na na'urar zamani ne mai tsafta fiye da kima. Tsufa ma yana da tsarinsa: banish yakan fi cinyewa a inda hannuwa suka saba kamawa, sama kuma ya fi koɗewa saboda rana, don haka sitiyarin da ya tsufa bai ɗaya ko'ina abin tuhuma ne. Kamfanin Ferrari ya kafa sashen Classiche a 2006 domin irin wannan bincike, yana gwada mota da takardun haɗa ta da ke ajiye a Maranello.

Babban abin da ke lalata sitiyarin asali, bayan sauyi, shi ne gyara mai wuce gona da iri. Katako na kumbura da laima ya tsuke da bushewa, goran ruwa kuwa zafi da sanyi ne ke motsa shi, kuma da yake ba sa motsi tare, sai gam ɗin da ke tsakaninsu ya gaji ya saki, ruwa da gumi su shiga, ƙarfen ya fara fitar da farin gari da ke ƙara tura katakon waje. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan buɗe tsagar a hankali, ya share garin, ya cusa sabon gam ya ɗaure har ya kama, ya tsaftace tsohon banish ba tare da kankare shi duka ba. Wanda bai sani ba kuwa yakan hau shi da sanfefa har gurbin yatsu ya baje, ya goge ƙarfen da inji har sa hannun maƙerin ya shafe, sa'an nan ya zuba masa banish na zamani mai kauri da sheƙi kamar tangaran. Abin da ya fito daga hannunsa ya fi kyan gani a hoto, amma ya rasa duk shaidun da za a tabbatar da shi da su.

Ra'ayin masu sana'ar ya karkata zuwa ga adanawa a 'yan shekarun nan. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, inda ta nemi a riƙe kayan asali gwargwadon hali, a mutunta alamun tsufa, a rubuta duk abin da aka yi wa mota, a kuma sa wa sassan da aka sabunta alamar da za a gane su. A 2024 gasar Pebble Beach ta jihar Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950 kuma aka san ta da motoci masu walƙiya, ta ba da babbar kyautarta ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 daga rukunin motocin da aka adana ba tare da sabuntawa ba, karo na farko ke nan da hakan ta faru.

Duk da haka akwai iyaka da ba a ƙetarewa, wato lafiyar direba. Katako ya fara ja da baya ne tun lokacin da direbobin tsere suka koma ƙaramin sitiyari mai kauri da fata, irin wanda Gianpiero Moretti, mai kamfanin Momo, ya yi wa John Surtees na Ferrari a 1964, sa'an nan dokar kiyaye haɗurra ta Amurka ta 1966 ta tilasta wa kamfanoni sake tunani a kan duk abin da ƙirjin direba zai iya dokawa, katako kuwa yakan tsage ya bar tsini idan ya karye. Sitiyarin da gam ɗinsa ya saki ba abin tuƙi ba ne komai tarihinsa, shi ya sa masu motoci da yawa ke ajiye na asali a wuri mai inuwa marar laima, su ɗaura sabo domin hawa hanya, su mayar da tsohon ranar gasa ko ranar sayarwa. Idan kuma katakon ya lalace har ba ya gyaruwa, sai a riƙe ƙashin goran ruwan da tambarinsa a yi masa sabon katako, wanda samunsa ma ya ƙara wuya tun da aka sa mahoganin Afirka a cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu a taron Panama na 2022, kuma wajibi ne a shaida wa mai saye a rubuce cewa ƙarfen na da ne, katakon na yanzu.