Mubahi: Faffaɗar Ƙofar da Shari'a Ta Bar Mana

Manomin Kunduru da ya tsaya a bakin gonarsa bayan ruwan shuka, yana shawarar gero zai sa bana ko dawa, ba ya buƙatar fatawar kowa. Kowanne ya ɗauka, bai yi zunubi ba, kuma ba a rubuta masa lada don zaɓin kawai. Wannan shi malaman fiƙihu ke kira mubahi, ɗaya daga hukunce-hukunce biyar, tare da wajibi, mustahabbi, makaruhi da haram.

A zaurukan karatu, daga Ahalari zuwa Risala, ɗalibi ya fi jin farillai da sunnoni. Ba a cika tsayawa kan mubahi ba, alhali shi ya cika yinin mutum: shan fura, cin goro, ɗinkin riga, cinikin akuya a kasuwar Kankiya. Ibada ce ke jiran umarni; harkokin rayuwa kuwa a kan halacci suke har dalili ya zo da hani. Imam Suyuɗi ya kawo ƙa'idar halaccin a littafinsa Al-Ashbahu wan-Naza'ir, shi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin kafin rasuwarsa a 1505 ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha.

Sai dai ƙofar tana da iyaka. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya nuna a Muwafaƙat cewa abin da aka bar wa mutum ɗaya zaɓi yana iya zama dole a kan jama'a. Wane na iya barin noma ya kama fatauci, amma in duk gari ya ajiye fartanya, rumbu ya zama wayam, an shiga laifi. Hirar dandali ta dare ɗaya ba komai. Wadda ke cinye sallar Asuba kullum ta canza hukunci. Niyya kuma takan ɗaga mubahi, har tuwon da aka ci don samun ƙarfin ibada ya zama abin lada.

Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar haram ta yi arha a bakinmu, musamman a wa'azin da ke yawo a wayoyi. Aya ta 116 a Suratun Nahli ta yi kashedi mai tsanani ga mai halattawa ko haramtawa da ka. Ɗan'uwa, kafin ka ce wa maƙwabcinka ya bari, nemo dalili tukuna. In ba ka samu ba, kada ka ƙuntata masa inda Allah ya yalwata.