Ƙwayar barci da juna biyu: Abin da ya kamata a sani game da diazepam

A Goron Dutse, kamar sauran unguwannin birnin Kano, ba baƙon abu ba ne mai fama da rashin barci ta aika yaro kemis ya sayo mata D5. Wannan ƙwaya ita ce diazepam, wadda kamfanin Roche ya fitar a 1963 da sunan Valium, kuma ƙa'ida ba ta yarda a sayar da ita ba sai da takardar likita.

Diazepam na rage saurin aikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa take kwantar da hankali ta kawo barci. Likitoci kan rubuta ta na ɗan lokaci, galibi mako 2 zuwa 4, domin idan aka daɗe ana sha jiki kan saba har ya kasa rabuwa da ita. Haɗa ta da kodin, tramol ko giya na iya danne numfashi har a rasa rai.

Ga mai juna biyu hatsarin ya shafi rai biyu, saboda maganin na ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi. Idan aka sha shi a watannin ƙarshe ko dab da naƙuda, jariri kan iya zuwa jikinsa a sake, ya kasa kama nono, numfashinsa ya yi rauni. Yana kuma fita ta ruwan nono, don haka mai shayarwa ma sai da shawarar likita.

Sai dai wadda ta daɗe tana sha, ta gano ta ɗauki ciki, bai kamata ta daina farat ɗaya ba, domin hakan na iya jawo karkarwa, firgita, har da jijjiga. Hanyar da ta dace ita ce ta tafi da fakitin wurin awo, ta faɗi gaskiyar yawan abin da take sha, likita ya tsara mata ragewa sannu a hankali.

Haka kuma D5 ba maganin gida ba ne ga jijjigar masu ciki, wato taune-taune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar magnesium sulphate, wadda ake yi a asibiti. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska ko dishi-dishin gani alamu ne na a garzaya Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibiti mafi kusa, ba tare da jiran gari ya waye ba.